Zanen da Ba Ya Shiga Ruwa

Ruwan bahon ya riga ya koma ja kafin Sista ta ankara. Ta bar zanen ne ya jiƙa, ta je ta goge tagogi, da ta dawo sai ta tarar kumfar ta rine, tana ta tururi. Ta tsoma hannu biyu ta ɗago shi. Farin da ke tsakanin layukan ya tafi, ya koma wani ja-ja marar kan gado. Ƙananan tsuntsayen da aka saƙa a jikinsa sun dushe, gefe guda kuma ya yage kamar tsawon tafin hannu saboda nauyin ruwan.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya, ta ga jini iri-iri hannunta bai taɓa rawa ba, amma yau ga ta durƙushe a banɗakin maƙwabciyarta, jan ruwa na bin gwiwar hannunta, ta rasa abin da za ta fara yi. Tana cikin haka waya ta ɗauki ruri a aljihunta. Auta ne, ɗan maƙwabciyar, wanda har furfura ta fito masa a gemu ba a daina ce masa Auta ba.

"Anti, ina kwana? Likita ya canza shawara. Yau za a sallame mu, ba gobe ba. Ƙarfe huɗu muna gida in Allah ya yarda."

"Yau?"

"Yau ɗin nan. Mama ta hana kowa sakat. Wai ba za ta ƙara kwana tana kallon koren labulen asibitin nan ba, ya fi ciwon damunta." Ya ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ta ce in tuna miki, a juya gadon ya fuskanci bangon da zanen nan yake. Shi take so ta riƙa gani."

"To," in ji Sista. Ta dubi bahon. "Allah ya kawo ku lafiya."

Duk mutanen benen da suke zaune, Mai Labule suke ce wa maƙwabciyar. Sana'arta ke nan tun tana budurwa, ƙawata ɗakunan mutane: ta zaɓi fenti, ta zaɓi yadi, ta ce kujera nan za ta zauna ba can ba, kuma ko mai gidan ya ƙi, daga baya sai ya dawo kan maganarta. Ƙofa da ƙofa suke da Sista a hawa na biyu, shekara ashirin da biyu. Sista na ce mata Yaya, ita kuma in tsokana ta motsa ta ce mata Uwar Tsafta. Mai Labule mace ce da ba ta iya shiga ɗaki ta zauna lafiya. Ko gaisuwar rashin lafiya ta je, sai ta miƙe ta gyara hoton da ya karkace. A jakarta ba a rasa tef ɗin awo da guntayen yadi. Gidanta kuwa kamar rumfar 'yan gwanjo da aka yi wa tarbiyya: fitilar tagulla, agogon bango da ya tsaya tun kafin a haifi Auta, tsohuwar adaka mai ƙusoshin azurfa, da littattafai har saman firij, kowanne da ƙyallen yadi a tsakiyarsa maimakon alamar shafi.

Talabijin ma ba don labari take kallo ba. Jarumi na kuka, matarsa ta gudu, ita Mai Labule tana can bayansa.

"Sista, dubi kujerar nan. Wai labarin shekara ɗari ne da suka wuce, amma ba a fara ƙera irin ƙafar nan ba sai jiya-jiya. Su wa suke raina wa hankali?"

Sista takan ce, "Uhm," tana tsintar zare a kan dardumar.

To, wannan "uhm" ɗin ne ya kai ta ya baro. Mai Labule akwai zance, in ta kama bayanin yadi sai ta manta da abinci a kan wuta, Sista kuma ta daɗe da koyon yadda za ta riƙa gyaɗa kai maganar na bi ta bayan kunnenta. Zanen nan shi ne abin da Mai Labule ta fi ji da shi a duniya bayan Auta. Tsohuwar saƙar hannu ce, ta same shi shekara arba'in da suka wuce a wajen wani dattijo mai kayan da, da ladan aikinta na farko. Sau nawa ta tsaya a gabansa tana bayani? Sista ta tuna akwai zancen buroshi mai laushi, akwai zancen inuwa. Sai yanzu, da hannunta a cikin jan ruwa, sauran maganar ta dawo mata tar, kamar yanzu ake faɗa: wannan ba ya shiga ruwa.

Ba mugunta ta yi ba. Likita ya ce huhun ya gama lalacewa, babu sauran abin yi sai rage wahala, a mayar da ita gida, amma a tabbata ɗakin babu ƙura. Wa za a gaya wa ƙura? Sista ta karɓi makulli ta shiga gidan kamar an aiko ta yaƙi. Kwana biyu tana shara da guga. Da ta zo kan zanen ta buga shi da yatsa, ta ga ƙura ta tashi, ko tunani na biyu ba ta yi ba ta cire shi daga ƙusoshinsa.

Ta zubar da jan ruwan, ta tara na sanyi, shi ma ya rine. Ta zuba gishiri, don ta taɓa jin yana kama rini, bai kama komai ba. Sai ta naɗe zanen a tawul ta tsallaka gidanta da shi a rungume kamar jariri. Maigidanta na baranda da jarida, ya sauke tabarau ya duba.

"Ba wannan ne na bangon Mai Labule ba?"

"Shi ne."

"Wanda ta hana ni jingina a kusa da shi?"

"Don Allah, Baban yara, ka bar ni da abin da ke damuna."

Ya ninke jaridar. "Ki gaya mata kawai. Mutum ke kuskure."

"In gaya wa wadda ta dawo gida don ta mutu tana kallonsa? Abu ɗaya ta roƙa. Ɗaya tak." Ta ƙara rungume tawul ɗin. "In ta tafi da haushina a ranta, ina zan sa kaina?"

Ya tashi ya ɗauko mata fanka biyu.

Haka ta wuni. Ta shimfiɗa zanen a kan teburin cin abinci, fanka ta gabas, fanka ta yamma, tana juya shi tana duban agogo. Da ya sha iska sai ta ga ya tsuke, ya ragu da kusan kamu guda a tsawo. Ta ɗinke yagar da ƙananan ɗinki irin na rauni, wanda shi kaɗai ta iya. Ƙarfe uku da rabi ta hau kujera ta mayar da shi bango, ta ninke gefen da ya fi ɓaci ta baya. Ƙusoshin ba su ƙara dacewa ba, sai da ta ja shi da ƙarfi. Ta sauko ta ja da baya ta duba. Ko makaho ya shafa ya san an yi ɓarna. Ta juya gadon kamar yadda aka ce, sannan ta je ta ja labulen tagar duka biyun, ɗakin ya yi duhu-duhu.

Da huɗu da 'yan mintuna ta ji su a matattakala. Auta da direban motar asibiti ne suka hau da Mai Labule a kan keken marasa lafiya, robar iska a hancinta. Ta rame ƙwarai, zoben hannunta har yana juyawa. Idon nan dai yana nan yadda yake.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya jikin?"

"Jiki ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi." Ta shaƙi iska. "Uwar Tsafta ta bi ta nan. Gidana ya koma ɗakin tiyata."

Aka kwantar da ita. Sista na ta gyaran filon da ba ya bukatar gyara, ta tsaya ta yadda jikinta zai tare bangon.

"Wa ya ja labule da rana tsaka?"

"Na ga kamar hasken zai dame ki ne, Yaya."

"Shekara arba'in ina faɗa da mutane su bar haske ya shigo musu ɗaki. Auta, buɗe. Ke kuma matsa, kin tsaya min a gaba."

Hasken la'asar ya faɗa kan bangon. Sista ta kafa idonta a kan tukunyar iskar da ke haɗe da robar hancin marar lafiyar. Mai Labule ta dubi zanen. Ta daɗe tana dubansa, har Auta ya gama jera magunguna a kan adaka ya fita raka direba. Sannan ta lumshe ido.

"Kunna min talabijin," ta ce.

Shi ke nan. Ba ta ƙara cewa uffan a kansa ba, ranar nan ko washegari. Da ma ta yi faɗa, da Sista ta fi samun sauƙi. Kullum da safe takan shigo ta auna zafin jiki, ta juya ta, ta shafa mata mai a baya, kuma duk sanda ta ɗago sai ta ga idon Mai Labule a kan bango. Ta gani ne ta yi shiru? Ko idon ya yi rauni har ba ta bambance launi? In Mai Labule ta ce "na gode", Sista sai ta tsaya tana auna muryar, ko akwai sanyi a ciki. Abinci ya daina shiga mata. Sau biyu ta buɗe baki za ta faɗa, sau biyu tari ya sarƙe marar lafiyar, maganar ta koma ciki. Ga shi kuma a matsayinta na wadda ta san aikin, tana ganin yadda farcen ke canza launi, tana jin yadda numfashin ke gajarta. Ta san kwanakin ba su da yawa.

A rana ta uku da hantsi, Mai Labule ta aiki Auta kantin magani, ta ce kada ya yi sauri. Da ƙofa ta rufe sai ta nuna bango da haɓa.

"Sauko min da shi."

Sista ta hau kujera ta sauko da shi. Ta shimfiɗa zanen a kan bargon. Mai Labule ta bi shi da yatsunta a hankali, layi bayan layi, ta buɗe ninkin da aka ɓoye, ta tsaya a kan ɗinkin. Ta kai gefensa hancinta.

"Ruwan zafi," ta ce.

"E, Yaya."

"Da garin sabulu."

"E."

"Da maganin nan naku na asibiti."

"Murfi ɗaya kawai na zuba."

"Murfi ɗaya kawai," Mai Labule ta maimaita.

Sista ta zube a gefen gadon, gwiwa biyu a ƙasa, ita da ko a gaban manyan likitoci ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. "Yaya, ki yafe min. Kin faɗa min, na san kin faɗa, ba sau ɗaya ba. Ni ce ban saurara ba. Ƙura na gani, hankalina ya tafi kan huhunki. Na rasa yadda zan gaya miki. Don Allah kada ki riƙe ni a ranki."

Hannun Mai Labule na kan ɗaya daga cikin tsuntsayen da suka dushe, babban yatsanta na shafa shi. Sista ta ga maƙogwaronta ya motsa sau biyu.

"Tashi," ta ce daga baya. "Kina tsufa, gwiwar nan ba taki ba ce yanzu. Miƙo min tabarau."

Ta sa tabarau, ta ɗaga gefen zanen zuwa haske, ta karkata kai irin yadda take yi in tana duba yadi a kanti. Can sai ta yi wani ɗan tsaki.

"Ashe tsohon nan wayo ya yi min."

"Wane tsoho, Yaya?"

"Wanda ya sayar min. Jan gaskiya, irin na da, ko dafa shi kika yi ba ya zuba. Wannan rinin kamfani ne. Dubi yadda ya bi farin." Ta ja numfashi. "Shekara arba'in ina yi wa jabu fifita, ina hana baƙi jingina. Sai da Uwar Tsafta ta zo da bahonta asiri ya tonu."

Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, Sista ta tallafe ta har ya lafa.

"Da gaske kike, Yaya?"

"Ni za ki koya wa yadi? Na taɓa koya miki allura?" Ta ture zanen. "Mayar da shi. Amma buɗe shi duka, ba na son ninki. Wannan launin ma ya fi shiga da fentin bangon. Ɗinkin nan kuma, Allah ya kyauta, kamar cikin mutum kika rufe."

Sista ta hau kujera tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ji take kamar an sauke mata buhu daga kai.

"Hagu ya yi ƙasa. Ɗaga. Ƙara. Ya yi yawa. Ke dai ba ki da ido, Sista."

Ranar Sista ta ci abinci har da ƙari. Ta ba maigidanta labari, ya ce, "Ba na gaya miki ba?" ta ƙyale shi ya ci wannan nasarar.

Kwana shida suka ƙara samu. A cikinsu Sista ta yi abin da ba ta yi ba a shekara ashirin da biyu, ta zauna ta saurara. Ta ji dalilin da ya sa ba a goge tsohuwar tagulla har ta yi ƙyalli, da dalilin da ya sa labule ya kamata ya taɓa ƙasa kaɗan, kada ya tsaya a sama kamar wandon da ya yi wa mutum kaɗan. Maganar na fita guntu-guntu, da hutu a tsakani, wani lokaci ta ɓace a tsakiyar jimla. Sista ba ta ce "uhm" ko sau ɗaya ba. Suna kallon talabijin da yamma, ita ce ma ta fara nunawa.

"Yaya, wancan teburin bai yi wa ɗakin girma ba?"

Mai Labule ta juyo da ido a hankali. "Kin makara, amma kin iso."

Ranar da Mai Labule ta cika, da hantsi ne, taga a buɗe, talabijin na yi babu murya. Auta na riƙe da hannu ɗaya, Sista na riƙe da ɗayan, yatsunta a kan jijiya saboda sabo. Ta ji bugun yana nisa, yana nisa, har ta daina jin sa. Idanun na kan bango. Sista ce ta rufe mata su, ta kashe tukunyar iska, ɗakin ya yi tsit.

Bayan mako uku Auta ya fara haɗa kayan gidan, don aikinsa a wani gari yake. Sista ta shigo taya shi. Gadon an riga an fitar, adaka da fitila an naɗe su a bargo, zanen kaɗai ya rage a bango.

"Wannan naki ne, Anti," in ji Auta. "Ta ce kada a ba kowa sai ke. Wai ke kaɗai kika san hanyar wankinsa."

Suka yi dariya tare, ya wuce kicin da kwali.

Ita aka bar wa littattafan. Ba ta iya sa littafi a kwali ba ta goge shi ba, don haka aikin ya yi ta ja. Ta zo kan wani babba mai nauyi, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Tana goge shi ƙyallen da ke tsakiya ya zame, littafin ya buɗe da kansa a wurin, alamar an sha buɗe shi a nan. Hoton wani zane ne ya cika shafin. Layi ja, layi fari, da ƙananan tsuntsaye, kowanne da kansa a juye baya. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sake duban shafin.

A gefen hoton akwai rubutun Mai Labule, da tsohon biro da ya fara dushewa, irin rubutunta na lokacin da hannun ke da ƙarfi: "Irin nawa ne sak. Na kai an duba, na gaske ne. Jan rinin fure ne, shi ya sa ko laima ba ya so. Kada ya ga ruwa." An ja layi biyu a ƙarƙashin kalmomin ƙarshe.

Sista ta zauna a kan kwali. Ta karanta sau uku. Ta tuna babban yatsan nan yana shafa tsuntsun, da maƙogwaron da ya motsa sau biyu kafin a ce mata ta tashi.

"Anti, in kawo wani kwalin?" Auta ya ɗaga murya daga kicin.

Sista ta ɗora hannu a kan shafin. "Kawo. Amma akwai littafi ɗaya da zan riƙe."

Ta mayar da ƙyallen wurinsa, ta rufe littafin, ta ajiye shi a kan taga. Hasken hantsi na kan bangon. Gefen hagu na zanen ya ɗan sauka, bai fi faɗin yatsa ba. Ta jawo kujera ta hau, ta ɗaga shi kaɗan, ta sauko ta ja da baya ta duba, sannan ta sake hawa.